Na Je Jego, Na Zama Bargo

Tun da na dawo daga Haɗeja matan Islamiyyarmu suka hana ni sakat. Wannan ta tare ni a bakin ƙofa, waccan ta biyo ni har gida da sunan barka, amma tambayar ɗaya ce: "Hajiya Asabe, wai da gaske ruwa ya daskare a gabanki?" Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura duk wadda na ba labarin sai ta ƙara masa gishiri kafin ta kai wa ta gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru, har da wuraren da ba su yi mini daɗi ba.

Autata Hafsa ce ke aure a can, a wani ƙauye cikin fadama, gaba da Haɗeja ta wajen Baturiya. Mijinta Malam Bukar yana koyarwa a firamaren garin, da rani kuma yana noman alkama. Shirinmu shi ne in cikin ya tsufa a kawo ta Kano ta haihu a ɗakina, kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Sai yaron ya yi gaggawa. Wata safiya Malam Bukar ya kira ni ya ce an sauka lafiya, namiji ne, amma watanninsa ba su cika ba, ƙarami ne ƙwarai. Kafin ya ajiye waya ya ce, "Umma, don Allah a taho da kayan sanyi masu nauyi."

Duk da ina cikin tashin hankali sai da na yi dariya. Haɗeja fa? Ni a sanina sanyi na Jos ne, garin duwatsu. Haɗeja kuwa ko a rediyo aka ambace ta, in ba zafi ba to ambaliya. Ga shi ni mace ce mai jiki, kun dai san ni, ko a tsakiyar ɗari da fanka nake kwana. Na cika akwati da leshi da atamfofin fita suna, da yajin jego, da kanwa, da turaren wuta. A sama na ɗora mafici. Mafici fa, jama'a.

A tasha aka ba ni gaba ni kaɗai. Direba ya ce don girmamawa ne, amma na ga yadda ya auna ni da ido kafin ya yanke shawarar. Muka bi ta Ringim. Ban san lokacin da muka bar ƙasar Kano muka shiga Jigawa ba, sai da muka tsaya a wani shinge na ga jami'in da ya leƙo motar ya naɗe wuya da mayafi, ga ƙatuwar riga kamar ta masu gadi, alhali rana tsaka ce. Na ce wa direba, "Wannan bawan Allah zazzaɓi yake yi?" Wani dattijo a baya ya tambaye ni ina na nufa. Da na faɗa masa sai ya dubi siririn mayafina, ya dubi takalmina mai buɗaɗɗen baki, ya ce, "Allah ya kai ki lafiya, Hajiya." Yadda ya ja addu'ar bai yi mini daɗi ba, amma na ce amin.

Mun isa Haɗeja bayan azahar, rana tana dukan ƙeya. Na ji daɗi a raina, na ce ga sanyin naku nan. Ina jiran Malam Bukar na samu wani buhu mai laushi na zauna a kai, ina fifita da maficina yadda kowa zai gani. Buhun yana ƙamshin banda. Na tambayi mai shi ko tarwaɗa ce, don in saya wa mai jego. Ya ce, "A'a, Hajiya, kwaɗi ne. Kudu za a kai su." Ban san ina da sauran saurin tashi irin wannan ba. A haka surukina ya same ni, ina kakkaɓe zanina ina salati, mutanen tasha suna ƙoƙarin ɓoye dariya.

Malam Bukar yaro ne mai kunya. Ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa, ya ɗauki akwatin. Na ga ya ɗan jijjiga shi, kamar mai son ya ji ko akwai bargo a ciki. Muka hau adaidaita sahu har inda hanya ta ƙare a bakin kogi. Nan na ga abin da za mu tsallaka da shi, wani kwalekwale siriri kamar an tsaga gora. Mai tuƙin ya dube ni, ya dubi jirginsa, ya ce sai dai a yi sawu biyu, ni da shi tukuna, sannan Malam da kaya. Ya zaunar da ni a tsakiya ya ce, "Hajiya, kada ki waiwaya. In atishawa ta zo miki, ki riƙe ta sai mun kai." Ruwa yana taɓa bakin jirgin, ni kuwa duk addu'ar da na koya a Islamiyya sai da na karanta ta, har da ta shiga kasuwa.

A ɗaya gefen amalanken shanu ke jiranmu. Muna tafe tsakanin gonakin alkama, kore shar har iyakar gani, rana ta fara sauka. Daga nan labari ya canza. Wani sanyi ya taso daga ƙasa, ba daga sama ba, ya kama ni ta yatsun ƙafa ya riƙa hawa. Kamar an buɗe firiza an tura mu ciki. Na ja mayafi, mayafin bai san ma me ake ciki ba. Na tura maficin ƙarƙashin cinyata don kada a gan shi. Malam Bukar, ba tare da ya dube ni ba, ya ce wai haka fadama take, sanyi nauyi ne da shi, in rana ta faɗi sai ya gangaro ya taru a kwari kamar ruwa. Na so in ce masa ba komai, amma haƙorana suka riga ni magana.

Mahaifiyarsa, Ya Falmata, ita ta tare ni a ƙofar gida. Tsohuwa ce 'yar firit, asalinsu mutanen bakin Tafkin Chadi ne, Hausarta da wani irin lanƙwasa, kuma ba ta ce mini Hajiya sai Hajja. Gaisuwarsu ba ta ƙarewa. Ta tambayi gida, ta tambayi hanya, ta tambayi gajiya, ta sake dawowa kan gida, ni kuwa ina tsaye a tsakar gida ina amsa "lafiya lau" da leɓen da ba na jin su.

Da na shiga ɗaki na ga Hafsa, na ga abin da ke gefenta, sai na manta da sanyi na ɗan lokaci. Na haifi 'ya'ya, na yi wa jikoki wanka, amma ban taɓa riƙe ɗan mutum ƙarami haka ba. Duk tsawonsa bai wuce daga tafin hannuna zuwa gwiwar hannu ba. Kukansa kamar na ɗan kyanwa. Hafsa ta ce, "Umma, zai rayu kuwa?" Na ce mata ta daina wannan magana, na juya ina gyara akwati don kada ta ga fuskata.

Abinci kam ba ni da ƙorafi. An kawo burabusko da miyar kifi, kifin da aka kamo a ranar, ba irin namu da ya sha hanya ba. Sai dai a can in ba ki yi sauri ba, kafin ki kai loma ta uku man miyar ya yi fari ya kama kwano. Na koyi ci kamar ana kora ta.

Da na idar da sallar isha Hafsa ta miƙo mini wani ƙunshi, ta ce in ji Malam, wai kada in ji komai. Na buɗe na ga rigar sanyinsa ce, da hular ulu, da safar ƙwallo doguwa mai ratsin ja. Ni Asabe, in sa kayan surukina? Na ce a mayar masa, na gode. Hafsa ta ajiye a gefen katifa. Ba zan faɗa muku tsawon lokacin da mutuncina ya jure ba. Abin da zan ce kawai, da gari ya waye a cikinsu na tashi, rigar ta ƙi rufuwa a gaba, hular a ƙarƙashin hijabi, safar har gwiwa. Malam Bukar ya zo gaisuwa ya ga ƙafafuna, ya mayar da kansa ƙasa da sauri, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka a kan sanyi ne.

To ga maganar ƙanƙarar da kuke ta tambaya. Da asubar nan na fito alwala, hannuna kamar ba nawa ba. Na ga wata roba a rufe a bakin ɗaki, na ɗauka ruwa ne aka ajiye mini. Na buɗe, na ga abu fari fat, na taɓa na ji tauri. Ban tsaya tunani ba na ɗauko waya na kira Hajiya Binta maƙwabciyata, na ce, "Binta, ku sa mu a addu'a, ruwa ya zama ƙanƙara a garin nan!" Ina cikin rantse mata sai ga Ya Falmata. Ta leƙa robar, ta dube ni ta ce, "Hajja, man shanun mai jego ne." Kafin in sake kiran Binta in gyara, labari ya riga ya zaga unguwa. Ga gaskiyar ƙanƙarata.

Ya Falmata dai ta yi dariya har da zama a ƙasa. Da ta huce ta ce in daina jin kunya, ita tana yarinya an yi wata shekara da suka tashi suka ga ciyawar fadama ta yi fari kamar an barbaɗa gishiri, rana na fitowa abin ya narke, ganyen kabewa duk ya yi baƙi kamar wuta ta bi ta kai. Ban sani ba ko gaskiya ne ko lallashina take yi. Amma bayan abin da fatata ta ji a garin nan, ba zan ƙaryata ta ba.

Rigimarmu da ita a kan kasko ta fara. Ita tana so a cika kasko da garwashi a sa a ɗakin mai jego, a rufe ƙofa da taga ruf. Ni kuma na san gidan da hayaƙin gawayi ya kwantar da mutane a Kano, ga Hafsa tana kukan ciwon kai. Ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba, mu surukai ne. In ta shigo da kasko sai in ce, "Sannu da ƙoƙari, Ya Falmata," tana fita in fitar da shi. In ta dawo ta gan shi a waje sai ta ce, "Sannu da aiki, Hajja," ta mayar da shi. Haka kaskon nan ya yi ta zirga-zirga, ƙofa tana buɗewa tana rufuwa, kowaccenmu tana ganin ita ce ke ceton jikanta.

Ana gobe suna jaura ta taso tun yamma, irin iskar da ke shiga ta ƙasan ƙofa. Da asuba, an fito daga masallaci ke nan, Hafsa ta tashe ni. Ta ce, "Umma, ya ƙi kama nono. Ko kuka ba ya yi." Na kai hannu cikin tsummokaran da muka naɗe shi da su, na taɓa ƙafarsa. Sanyi ƙalau, kamar kifin da aka fito da shi daga ruwa. Cikinsa ma haka. Yana numfashi, amma a hankali, kamar mai shawara ko ya ci gaba.

Ba wanda ya sake tuna kasko. Malam Bukar ya ruga ya ɗauro shanu don mu kai yaron asibiti a Haɗeja. Ya Falmata ta tattaro duk zanen da ke gidan. Muka hau amalanke mu huɗu, Hafsa tana jingine da surukarta don ko zama ba ta iya yi sosai, yaron a hannuna. Gari bai gama wayewa ba. Alkama ta jiƙe da raɓa, numfashin shanu yana fita kamar hayaƙi.

A bakin kogi wani farin tururi ya kwanta a kan ruwa, ba a ganin ɗaya gefen. Mai kwalekwale ya ce ni zan fara shiga. Na miƙe da yaron sai na ji yatsuna sun mutu, ba na ma jin ko ina riƙe da shi. Na dubi ruwan, na dubi jirgin da ke rawa, tsoro ya kama ni kada ya suɓuce mini. Hafsa ba ta da ƙarfi, Ya Falmata ta fi ni karkarwa. Ban ga inda zan sa shi ba. Sai na juya wa maza baya, na zare shi daga tsummokaran, na cusa shi cikin rigata, fatarsa a kan fatata, a tsakiyar ƙirji. Na ɗaure da zane ta waje, na ja rigar Malam a kai iya inda ta kai. Da sanyin jikinsa ya taɓa ni sai da na yi ƙara.

Wannan karon ban karanta addu'o'i da yawa ba. Guda ɗaya na riƙe ina ta maimaitawa. Mai jirgin ma bai yi mini kashedin atishawa ba. Muka tsallaka, ya koma ya kwaso sauran, muka samu adaidaita sahu, direban ya saki labulen gefe ya kama hanya yana kauce wa ramuka.

Mun kusa shiga gari na ji wani abu yana motsi. Wata 'yar ƙafa ta shure ni. Can kuma sai na ji ɗumi yana gangara mini a ciki, ya jiƙa leshina mai tsada. Na ce, "Hafsa, ɗanki ya yi mini fitsari!" Ya Falmata ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdulillahi!" Hafsa tana kuka tana dariya. Sai kuma ga ɗan kukan kyanwar nan yana fitowa daga cikin rigata. Ban taɓa jin murya mai daɗinta ba.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta tare mu, ta ce ina jaririn. Na nuna ƙirjina. Ta leƙa, ta taɓa shi, ta dube ni tun daga hular ulu har safar ƙwallo, ta ce, "Mama, wa ya koya miki wannan? Abin da muke ta roƙon iyaye su yi ke nan da bakwaini." Na gyara tsayuwa na ce ai mu a Kano mun saba. Ya Falmata ta dube ni ta gefen ido. Ta san tsoron faɗawa ruwa ne ya koya mini, amma Allah ya saka mata da alheri, ba ta tona ni ba.

Sun riƙe mu kwanaki. Suka duba shi, suka ba shi abin da za su ba shi, suka koya wa Hafsa ta tatsa ta ba shi a ɗan kofi har ya samu ƙarfin kama nono. Suka ce a rage yi masa wanka, a sa masa hula, kuma kada a raba shi da jikin mutum. Maganar kasko kuwa, ma'aikaciyar ta ce garwashi a rufaffen ɗaki haɗari ne, ƙofar da ake ta buɗewa ma haɗari ce. Ni da Ya Falmata kowa ta gyaɗa kai a rabin da ya yi mata daɗi.

Suna a gidan wani kawun Malam Bukar aka yi shi a cikin Haɗeja, ba taro, ba kiɗa. Aka raɗa masa Muhammadu. A gidan muka zauna har sanyi ya karye, muna karɓa-karɓa. Hafsa ta ɗauka, in ta gaji Ya Falmata ta karɓa. Amma tsohuwar nan ba ta da nama ko na miya, in aka sa mata shi sai ya yi ta mutsu-mutsu, ita da kanta za ta ce, "Hajja, zo ki karɓi mijinki, ya ce katifar nan ƙashi ce." Haka na zama bargon gidan. Da shi nake cin tuwo, da shi nake jan carbi, da shi nake karɓar 'yan barka, su ce ina jaririn in buɗe wuyan riga su leƙa. Sauran leshin fita suna ko ɗaya bai ga rana ba. Na koyi barci a zaune. Na san lokacin da zai farka tun kafin ya motsa.

Ya yi kumatu, kukansa ya zama na mutane, har maƙwabta suna ji. Ranar da zan taho Ya Falmata ta cika mini kwali da bandar tarwaɗa, ta rantse mini har sau biyu cewa kifi ne. Ta riƙe hannuna ta yi mini irin doguwar sallamarsu, wannan karon ban ƙosa ba. Hafsa ta zo ta kwance zanen, ta zare shi daga jikina yana barci, ta mayar da shi nata. Bai ko farka ba, ɗan butulci.

Mun taso da rana tsaka, zafi ya dawo, kowa a motar yana gumi yana neman iska. Muna wuce Gujungu matar da ke bayana ta taɓa kafaɗata ta ce, "Hajiya, lafiya? Tun da muka taso hannunki yana kan ƙirjinki."

Na duba, haka ne kuwa. Na ce mata, "Ba komai, 'yar nan. Nan wurin ne kawai nake jin sanyi."